Ƙarfen da na cire daga motarka

Zuwa ga ƙanena Faruku,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kuma ka sami Umma da matarka Zainab da yarinya cikin ƙoshin lafiya. Na san ka sauka Kano lafiya, amma a bakin Umma na ji. Yau kwana goma sha tara ina kiranka ba ka ɗagawa. Saƙonnina kana buɗewa ka rufe. Shafin nan na intanet dai na san kana leƙawa, kai da abokanka na unguwar Xiaobei a nan Guangzhou, shi ya sa na kawo maganar nan. Ban so a yi ta a gaban mutane ba. Kai ka rufe duk ƙofar da zan bi in same ka kai kaɗai.

Bari in fara da abin da na yi, kada ka ji shi a bakin wani. Na cire ƙarfen da ke bayan kujerun motarka, wanda kake kira ƙarfen kariya. Ni na cire shi da hannuna. Makullin motar yana wurina, kuma ba zan aika maka da shi ta hannun kowa ba.

Yanzu sai ka yi haƙuri ka karanta dalili har ƙarshe, ko da kana zagina a zuci.

Ban taɓa ƙin motar nan ba. Ina tuna ranar da ka kawo ta ƙofar gidana a Baiyun: ja, mai kujera biyu, rufinta na yadi wanda ake naɗewa baya. Ta tsufa, amma ka wanke ta har tana ɗaukar ido. Ka danna hon sau uku, ka ɗaga kai ka ce, "Yaya, yau an yafe miki jirgin metiro, sauko ki ga duniya." Na sauko. Iska ta kusa tafiya da mayafina, kana ta dariya kamar yaro. Shekara tara kana hawa da sauka a benayen kasuwar Sanyuanli da buhunan kayan mutane. Na ce a raina ka cancanci abin da zai faranta maka.

Da ka zo mini da zancen filin tsere ma ban hana ka ba. Ka ce akwai fili a wajen gari da ke buɗe ƙofa ga kowa a wasu ranaku: mutum ya zo da motarsa, ya sa hular kwano, ya zagaya iya gudun da zai iya, ba mai tahowa ta gabansa, ba mai tsallaka titi. Na ce hakan ya fi ka gwada gudun a babbar hanya. Har yanzu a nan nake tsaye.

Sai ka turo mini takardar ƙa'idojinsu, da Sinanci, kamar yadda kake turo mini kowace takarda tun da ka zo garin nan. Aikina ke nan, tafinta ce ni. Na zauna na fassara maka ita kalma bayan kalma.

Abin da ta ce ba shi da wuya. Motar da ba ta da rufin ƙarfe ba ta shiga fili sai da ƙarfe mai siffar baka a bayan kujeru, wanda idan motar ta kife shi zai fara taɓa ƙasa kafin kan direba. Bututun ya zama na ƙarfe mai kauri, wanda aka yi don wannan aikin. Ya kasance da ƙarfen da ya gitta shi daga kusurwa zuwa kusurwa, da wasu biyu da suka tokare shi ta baya, don kada ya kwanta. Ƙafafunsa su zauna a kan faranti masu kauri da aka ɗaure a jikin ƙashin motar, inda take da ƙarfi. Sannan akwai awo. Direba zai zauna da hularsa, a ɗora sanda daga saman ƙarfen zuwa saman gilashin gaba. Dole a sami santimita biyar tsakanin sandar da hular. Sandar nan ita ce ƙasa, Faruku. Haka ƙasa za ta kwanta a kan motarka idan ta juya. Duk abin da ya ɗara sandar tsawo, shi zai ɗauki nauyin motar.

Na rubuta maka wannan duka. Amsarka tana nan a wayata: "Yaya, ke ko takardar cikin kwalin magani sai kin karance ta gaba da baya. Turo mini hoton abin kawai."

Na turo maka hoton. Wannan ne kuskurena na farko, don na san abin da ɗan kasuwar Kano ke yi da hoto a Guangzhou.

Da hoto muke ci a garin nan. A ga jaka a wani kanti, a ɗauka, a kai wa laoban, wato mai masana'anta, cikin kwana uku ya fito da irinta sak. Takalmi haka, abaya haka, kujerun falo haka. Kai kuwa gwani ne, har alfahari kake ba wanda ya isa ya sayar maka da suna. Ban raina wannan basirar ba, ita ta gina wa Umma ɗakin da take ciki. Amma hoto siffa yake nunawa. Ba ya nuna kaurin bututu, ba ya nuna abin da ke ƙarƙashin kafet. Jaka idan ta tsinke a mayar da ita shago.

Ka ɗauki hoton ka kai wa mai waldar da ke yi maka maratayan riguna na shago. Ya duba, ya ce mei wenti, ba matsala. Kwana uku ya gama. Ka kawo mini motar ina gani yana ƙyalli kamar madubi, ka buga shi da tafin hannu ka ce, "Ga shi nan, har ya fi na hoton kyau." Ya fi shi kyau kam.

Ranar farko tare muka je filin, don in yi maka tafinta. Mai duba motocin matashi ne, layi ya yi tsawo, rana ta yi zafi. Ya kalli ƙarfen daga tsaye bai taɓa shi ba. Ya ce ka shiga ka sa hula, ya ɗauko sandarsa.

Kai dogo ne, duk gidanmu ba mai tsawonka. Ina tsaye ta gefen ƙofarka na ga abin da ka yi. Ka zame a kujera, ka tura gwiwoyinka ƙarƙashin sitiyari, ka maƙale wuya cikin kafaɗu. Sanda ta wuce ba ta taɓa ka ba. Ya manna takarda a gilashi ya kira na gaba. Abokanka suna ta ƙyalƙyala dariya, ɗaya yana cewa, "Dogo, yau kai ne ka koma gajere?" Da muka bar wurin ka miƙe ka zauna yadda kake tuƙi, hularka ta fito sama da ƙarfen, tana kallon sama.

Na gani, Faruku. Ina da Sinancin da zan ce wa yaron nan ya sake awo, jimla ɗaya ce. Ban ce ba. Na ji nauyin in kunyata ka a gaban abokanka. Na je na zauna a rumfar 'yan kallo ina bin jar mota da ido. Wannan shirun shi ne abin da ya fi ba ni haushi a duk labarin nan, kuma nawa ne, ban ɗora shi a kan kowa ba.

A ranar ce wata farar mota ta kife, idan ba ka manta ba. Ba wani gudu take yi na a-zo-a-gani ba. Bayanta ya zame a kwana, ta shiga tsakuwar gefen hanya a karkace, tayoyin suka nutse, ta ɗaga a hankali ta kwanta a kan rufinta. Mutumin ya rarrafo ta taga, ya cire hula, ya tsaya yana harbin taya don takaici. Rufinta na ƙarfe ne, cikinta kuma an kewaye shi da bututu. Na je na leƙa bayan an janyo ta. Rufin ya lotsa har ya zauna a kan bututun, a nan ya tsaya.

Na nuna maka. Ka ɗaga kafaɗa ka ce, "Wannan bai iya ba ne." Na tambaya daga baya. Mutumin ya yi shekaru yana zuwa filin, shi ke koya wa sababbi inda ake taka birki. Kai kuma ranar ce zuwanka na farko.

Zuwa na biyu ba a dace da matashin ba. Wata mata ce mai furfura, da sifana a aljihun rigar aikinta. Ba ta ko ɗauko sanda ba. Ta ƙwanƙwasa ƙarfen sau ɗaya, ya yi ƙara kamar gwangwanin madara. Ta durƙusa, ta ɗaga kafet, ta leƙa inda aka ɗaure shi, ta miƙe ta girgiza kai. Ta ce wannan ado ne. Ta ce gara ma babu shi, domin idan mota ta kife zai iya lanƙwashewa ya zo kan wuyan direba.

Ka juyo gare ni ka ce da Hausa in gaya mata daga Turai aka kawo shi, takardarsa tana gida. Na gaya maka abin da ta ce, daidai yadda ta faɗa. Abin da ka ce in faɗa mata kuwa ban faɗa ba. Ka san ba na ƙara gishiri a tafinta ko a kan kwalin maɓalli ne, balle a kan wannan.

Abin da ya biyo baya a wurin ajiye motoci ba sai na maimaita duka ba. Jimla ɗaya ce ta zauna mini: "Ke ba uwata ba ce, Umma tana Kano." Ka ja motarka ka bar ni a tsaye, na nemi tasi. Bayan kwana huɗu ka ajiye motar a garejin ƙasan gidana, ka bar makulli wurin mai gadi, ka wuce filin jirgi ko sallama babu.

Da a nan abin ya tsaya da na bar ka ka huce. Fushinka ba baƙona ba ne. Amma makon jiya wani ya saka takardar rajista a zauren wayar 'yan gida, na ga sunanka. Wasu ne daban, da ke hayar ƙaramin fili su tara mutane. Asabar ɗin da ke bin ranar dawowarka. A ƙarƙashin sunanka wani ya rubuta, "Waɗannan ba ruwansu da sanda, hula kawai da sa hannu."

Na nemo takardar da ake sa wa hannun na karanta. Shafi biyu ne, ma'anarsu ɗaya: duk abin da ya same ka, kai ka jawo wa kanka. Ba ta ce komai a kan ƙarfe ba. Ina jin haushin mutanen nan ƙwarai, masu tara motoci marasa rufi su sake su a fili ba tare da sun ɗaga kafet ko ɗaya ba. Amma su ba su san ka ba. Kai ne ka bi gari kana neman ƙofar da ba a dubawa, bayan an duba an gaya maka gaskiya.

Na je wurin mai waldarka. Na same shi a cikin maratayan riguna, ya ba ni shayi. Na tambaye shi wane bututu ya yi amfani da shi, ya nuna mini tarin da ke jingine a bango, wanda yake yin marataya da shi. Na gaya masa aikin da ake so ƙarfen ya yi. Ya ajiye kofinsa ya dube ni. Ya ce shi ya ɗauka kwalliya ce, irin ta samari. Ya ce ba wanda ya gaya masa nauyin mota zai ɗauka, da an gaya masa da ya ce meiyou, wato babu, ba shi da irin wannan ƙarfen, ba kuma aikinsa ba ne. Ban ga laifinsa ba. Hoto aka ba shi, ya yi abin da ke cikin hoto.

Daga can na sayi sifana, na karɓi makulli wurin mai gadi, na sauka gareji. Na ɗaga kafet. Noti huɗu ne, ƙanana, irin na ƙafar gado, an ɗaure su a jikin langalangar da ke bayan kujeru. Ba faranti, ba komai. Ni da ban taɓa canza taya ba, minti ashirin na kwance su. Na ɗaga ƙarfen da hannu ɗaya.

Na jingina shi da bango a karkace, na riƙe ginshiƙi, na hau da ƙafa biyu. Ya lanƙwashe, Faruku. Ka san jikina, ba wani nauyi gare ni ba. Na sauko na tsaya ina kallonsa. Abin da ka sa tsakanin kanka da ƙasa ke nan, ka zagaya fili da shi wuni guda, ina zaune ina kallo.

Ɗaya daga cikin abokanka ya ji labari ya kira ni. Ya ce, "Haba Hajiya, ai komai rubutacce ne, wanda kwanansa ya ƙare ko a gado yake zai tafi." Na yarda da wannan, a gida ɗaya aka koya mana ni da kai. Amma na sha tsayawa a ofishin kago, inda ake aika kaya gida, ina kallonku. Kwalin takalma kuna naɗe shi da leda ninki uku, ku ɗaure da igiya, ku taka shi ku ji ko zai fashe, ku rubuta suna a kowane gefe, sannan ku ce Allah ya kai lafiya. Ban taɓa ganin wanda ya miƙa kwali a buɗe ya ce komai rubutacce ne ba. Sai da aka zo kan wuyanka aka tuna da ƙaddara? Wuyanka bai kai kwalin takalma ba?

Ban ce ka bar filin tsere ba, kada ka juya maganata. Na nemo garejin da aikinsu ke nan, masu haɗa motocin fili. Na kai musu hotunan motar da tsawonka. Sun ce akwai ƙarfen da aka yi don irinta, su za su ɗaure shi a inda ya kamata. Sun ce da tsawonka sai an canza kujera an sa ta ƙasa, kuma sai ka zo da kanka ka zauna da hula an auna. Sun kuma faɗi abin da ba za ka so ji ba: mai yiwuwa ko an yi duk wannan ba za a sami santimita biyar ɗin ba. Idan haka ta faru, jar motar ta yawon gari ce, fili kuma sai ka nemi mai rufi. Ban ɓoye maka wannan ba don ban saba ɓoye maka abin da ke cikin takarda ba.

Akwai abin da ban taɓa ba ka labarinsa sosai ba. Ka san idan ɗan gida ya rasu a garin nan ana neman mai Sinanci. Sau uku ana kirana. Na bi asibiti, na bi ofisoshi, na zauna a gaban taga ina cike takardu. Suna, ranar haihuwa, lambar fasfo, sanadin mutuwa. Akwai layin da ake rubuta dangantakar mai sa hannu da mamaci. Duk sau ukun "tafinta" na rubuta, kuma ko a haka na yi kwanaki ba na iya cin abinci. Bayan takardu sai kiran waya zuwa gida. Na taɓa riƙe wa wani bawan Allah waya yana gaya wa wata tsohuwa a Kano, ina jin muryarta daga inda nake tsaye.

Idan abu ya same ka ranar Asabar ɗin nan, ba wanda za a nema sai ni. Ni zan zauna a gaban tagar, ni zan rubuta "yayarsa" a wannan layin, ni zan kira Umma. Ka yi tunanin wannan ko sau ɗaya lokacin da kake rubuta sunanka?

Gaskiyarka, ni ba uwarka ba ce. Ina da shekara tara aka haife ka. Ranar da aka fara ɗora mini kai a baya, Umma ta kama yatsana ta ɗora a tsakiyar kanka, inda ƙashi bai haɗe ba, na ji yana bugawa a hankali. Ta ce, "Kin ji nan? Maɗiga ce. Ko me za ki yi, ki kula da kansa." Na riƙa shiga ƙofa a sunkuye ko da ƙofar ta fi ni tsawo nesa ba kusa ba. Idan zan sauke ka sai na tallafe ƙeyarka da tafin hannu. Ba ta taɓa ce mini na gama wannan aikin ba.

Umma ba ta san komai ba tukuna, kuma ba na so ta sani. Zainab ma ban kira ta ba. Zan zo filin jirgin Baiyun ranar da za ka sauka, in tsaya a inda na saba tsayawa. Kana iya wuce ni kamar ba ka gan ni ba. Kana iya yin wata, ko shekara, ba ka gaishe ni ba. Zan iya da wannan, ina cin abincina ina barcina, tunda na san kana wani wuri a garin nan kana jin haushina. Ɗayan, zama a gaban tagar nan, shi ne ba zan iya ba.

Allah ya tsare mini kai a ƙasa da sama. Allah ya sanyaya zuciyarka, ya yafe mini shirun da na yi ranar farko. Ya raya maka 'yarka ka ga aurenta da idonka, ya sa Umma ta ci gaba da jin muryarka a waya tana yi maka faɗan ba ka cin abinci. Allah ya ba ka tsawon rai, har ka tsufa kana ba jikokinka labarin yayarka mai taurin kai. Amin.

Wassalam.

Yayarka,
Rabi
Baiyun, Guangzhou